Ƙafar Anti Lamba

Yayata ta shekara talatin da ɗaya tana sayar da takalmi a shago guda, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ta tambayi mutum lambar ƙafarsa ba. Kana shigowa za ta amsa gaisuwarka, ta sauke ido ƙasa kamar wadda allura ta faɗi mata, sai ka ji ta ce, "Arba'in da biyu, amma ta hagun ta ɗan fi tsawo." Ka tsaya baki sake. Shi ya sa duk layin ba wanda ya damu da sunanta na gaskiya. Anti Lamba ake ce mata, tun daga mai gyaran agogo na kusa da su har masu sharar titi. Ni dai Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take ce mini, ko da yake autar ta haura hamsin har da jikoki biyu.

A kicin ɗin wata makaranta nake girki. Ƙarfe uku nake tashi daga aiki, in biya ta shagon in zauna a ƙarshen benci in jira ta, mu hau bas tare. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa, da idona na gani.

Yaya ba sayar da takalmi kawai take yi ba, hukunci take yankewa. Tana da 'yar kujerarta gajera, ta jawo ta gabanka ta zauna, ta ɗora ƙafarka a cinyarta ko da kai wane ne. Sai ka miƙe tsaye za ta gwada, domin ta ce ƙafar mai zaune maƙaryaciya ce. Duka biyun za ta duba. In ka sa takalmin, ta danna bakinsa da babban yatsanta, in ba ta sami fili tsakanin yatsanka da fatar ba, to ko kuka za ka yi ba za ta naɗe maka shi ba. In ka zo da sassafe ta ce ka je ka dawo da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura ta nuna girmanta na gaske. Na sha ganin mata 'yan gayu suna rantsuwa cewa talatin da bakwai suke sawa tun suna 'yan mata.

"Ranki ya daɗe," in ji Yaya cikin murmushi, "ke ce kika tsaya a talatin da bakwai, ƙafar ta yi gaba abinta."

A yi dariya, a sayi talatin da tara, a dawo wata shekara da 'ya'ya. Mutane suna son ta ƙwarai. Ita ma mutane ne abincinta. Ranar da ba a buɗe shago ba, haka za ta yini a gida tana neman wanda za ta yi wa faɗa, mijinta Direba ya ɗauki jaridarsa ya gudu baranda.

To ga inda abin yake. A gaban shagon akwai babban gilashi inda ake jera samfur don masu wucewa su gani. Ƙafa ɗaya kawai ake sawa a nan, ta dama, ɗayar tana cikin kwali a sito. Bayan wata huɗu ko biyar rana ta ci launin ta gilashin, baƙi ya koma toka-toka, ja ya dushe, in aka haɗa su biyun sai ka ga kamar ba uwarsu ɗaya ba. Ba mai saye. Tun zamanin tsohon mai shagon, irin waɗannan ma'aikata ake bar wa kyauta. Kuma samfurin mata duk lamba ɗaya ce, talatin da takwas, saboda ƙaramin takalmi ya fi kyan gani a gilashi.

Sauran ma'aikatan sukan kai wa ƙannensu. Yaya kuwa ta ƙware wajen daidaita launi. Ta kwaso su gida, ta baje jarida a tsakar ɗaki, ta jera gwangwanayen man takalmi, ta yi ta shafawa tana gogewa tana kai su bakin taga tana dubawa, har sai wanda ya ƙera su ma ba zai gane wadda ta sha rana ba. Washegari ta zura su ta fita ƙwas-ƙwas-ƙwas, masu tsini, masu tsukakken baki, kowane wata da sabo. Duk layin an san takalman Anti Lamba. Abin da ba a sani ba shi ne, ƙafar gidanmu ba ta taɓa tsayawa a talatin da takwas ba.

Mu manyan ƙafafu gare mu, kamar faranti. Innarmu, Allah ya ji ƙanta, tana da wani ƙullutu a gindin babban yatsan kowace ƙafa, ta gefen ciki, yatsan kuma ya karkata ya jingina da na kusa da shi. Muna yara mun ɗauka haka ƙafar kowace uwa take. Ni ma nawa ya fara leƙowa bayan haihuwata ta biyu, amma da yake aikina tsayuwa ce a kan siminti mai jiƙa, faffaɗan takalmin roba nake sawa, bai dame ni ba. Shekara da shekaru Yaya tana yi wa takalmana dariya. Kwale-kwale take ce musu.

"Auta, don Allah in za ki shigo shagon nan ki riƙa ajiye jiragenki a bakin ƙofa. Kina korar mini masu saye."

"Ni dai yatsuna suna shan iska," in ce mata.

"Su sha. Nawa suna shan kallo."

Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Mace mai gaya wa duk gari gaskiyar ƙafarsu, ita kuma da cokalin sa takalmi take tura tata kowace safiya, tana cije leɓe. In na yi magana ta ce fata ce, za ta saki. Fatar kam tana saki, domin duk takalmin da ta sa wata guda sai ka ga gefensa ya turo kamar an ɓoye goro a ciki. Da ya turo sai ta jefa shi ƙasan gado ta ɗauko sabo.

A hankali abin ya fara nunawa. Da farko in mun sauka daga bas sai ta ce mu tsaya ta duba wani abu a jaka, ta tsaya tana lalube ba ta ciro komai. Daga nan ta koma sa safa ko a cikin gida, ko zafi ake kamar me. Direba ne ya tsegunta mini cewa da ta dawo aiki take shiga banɗaki da roba cike da ruwan sanyi, ta kulle ƙofa, ya riƙa jin tana sauke numfashi. Ya ce rabonsa da ganin ƙafar matarsa tsirara ya fi shekara uku.

"Kin san yayarki," in ji shi. "Na ce mu je asibiti, ta ce ni da na yi shekara talatin a zaune a kan kujerar mota me na sani game da ƙafa."

Sai ɗingishi ya zo. Tana ɓoye shi da dabara, ta dafa kantar shagon kamar tana gyara kwali, ta dafa benci kamar tana kaɗe ƙura. Amma ranar da ta tashi daga 'yar kujerarta ta ce "wash" da ƙarfi a gaban wata mata da ke gwada takalmi, matar ta kalli ƙafar Yaya, ta kalli wanda ke ƙafarta, ta cire ta ce za ta dawo. Ba ta dawo ba.

Manaja ya gani. Ɗan tsohon mai shagon ne, shi ya karɓi wurin bayan mahaifinsa ya gaji. Ba mugu ba ne, mutum ne mai kunya, irin wanda in zai faɗi magana mai nauyi sai ya yi ta gyara abin da ke kan tebur. Ya kira ta ofis, ya gyara biro, ya gyara waya, sannan ya ce ya lura tsayuwa tana wahalar da ita. Daga ƙarshen wata za ta koma sito, an saya mata kujera mai taushi, ta zauna ta riƙa lura da kayan da ke shiga da fita. Ba abin da za a rage mata. Hutu ne, in ji shi.

Sito ɗaki ne a can baya, ba taga, fitila ɗaya, kwalaye har rufi. Ba mai shiga sai wanda aka aika.

A ranar ba ta jira na biyo ba, ita ta zo har kicin ɗinmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a kan buhu ta yi shiru. Yaya da shiru! Na kashe wuta na zo na tsaya a kanta.

"Za su sa ni a cikin kwali, Auta," ta ce. "Saura sati uku."

Na ji tausayinta har cikin raina. Na kuma ji kamar in ɗauki ludayi in ƙwala mata. Na ce ta cire takalmin in gani. Ta ce a nan, gaban mutane? Na ja ta ɗakin ajiyar kayan miya na rufe ƙofa. Da ƙyar takalmin ya fito, safar kuma sai da ta juya mini baya sannan ta zare.

Na Inna wasa ne. Ƙullutun ƙafar dama ya yi ja ya yi sheƙi, in ka kai hannu kusa har ɗumi kake ji. Babban yatsan ya kwanta ya shige ƙarƙashin na biyu, na biyun ya hau kansa ya lanƙwashe. Fatar tafin ƙafar ta yi kauri ta yi tauri. Na ce ta motsa yatsan, ta motsa kaɗan ta runtse ido.

"Me kike sa masa?"

Nan ta fara lissafo mini. Man zafi iri huɗu. Ta ɗaure yatsan da bandeji ta ja shi gefe ta kwana da shi. Ta cusa jiƙaƙƙiyar jarida a takalman don su buɗe. Wata ta ce ta riƙa murza shi da kwalba zai koma ciki, ta murza har ta ga taurari. Duk ta yi, ban da abu guda da take gaya wa kowa kullum.

"Gobe asibiti," na ce.

"Yanke mini za su yi."

"Su yanke. In ya so ki riƙa sa talatin da takwas ɗin da hujja."

Ta harare ni, amma da safe na same ta a shirye, da takalmi ja mai tsini, wai kada likita ta raina ta.

Likitar ƙashi ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yar Yaya ba, mai fara'a da saurin magana. Ta duba, ta lanƙwasa yatsan a hankali, ta sa Yaya ta taka ta je bango ta dawo, sannan ta tura mu aka ɗauki hoton ƙashi a tsaye. Da muka dawo ta maƙala hoton a jikin fitila ta nuna mana da biro.

"Mama, kin ga wannan? Ba wani abu ne ya tsiro miki ba. Ba ƙari ba ne, ba ruwa ba ne. Gaɓar ce da kanta ta goce. Wannan dogon ƙashin ya yi waje, yatsan ya yi ciki, kan ƙashin ne kike gani ya turo. Shi ya sa murza ba ta mayar da shi."

"Na gaya mata," na ce, ko da yake ban taɓa sanin haka ba.

"Akwai mai irinsa a gida?"

"Mahaifiyarmu," in ji Yaya. Sai ta nuna ni da baki. "Ga wannan ma, tana nan tana cika baki."

Likita ta ce in cire nawa. Na cire ina alfahari. Ta duba ta ce ai kuwa ga shi nan, ƙirar ƙafar ɗaya ce, yawanci gadonta ake yi, musamman in tafin ƙafa a shimfiɗe yake kamar namu. Takalmi ba shi kaɗai ke kawo shi ba, amma matsattse mai tsini yana tura nauyin jiki duka kan yatsu, ya matse su wuri guda, ga tsayuwar yini, sai abin ya yi ta gaba yana zafi. Ta ɗaga kwale-kwalena sama ta ce, "Wannan ne ya taimaki ƙanwarki."

Shekara ashirin ina jiran wannan rana. Gyaran murya kawai na yi, sau biyu.

Daga nan likita ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ta ce Yaya ta taka, ta zagaye ƙafar da biro. Ta ɗauki jan takalmin ta ɗora a kan zanen. Zanen ya fito ta ko'ina, ta gaba, ta gefe, kamar an ɗora ƙaramin murfi a kan babbar tukunya. Yaya ta daɗe tana kallo.

"Na sani," ta ce a hankali. "Aikina ke nan."

"Wane aiki kike yi, Mama?"

Na yi sauri na amsa mata. Likita ta yi ƙoƙari ta riƙe dariyarta, abin ya ci tura, ta kifa kai a tebur. Yaya ta ɗaure fuska na ɗan lokaci, sai ita ma ta fashe, har da hawaye.

Da aka natsu likita ta jero abin yi. Takalmi mai faɗin baki, mara tsini, mai taushin fata, wanda yatsu za su baje a ciki. Ɗan soso da ake liƙawa a kan ƙullutun kada ya gogu. 'Yar roba mai laushi tsakanin babban yatsa da na biyu. Shimfiɗar cikin takalmi mai tallafe tsakiyar ƙafa. In ya yi ja da yamma, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti goma ko sha biyar. Maganin zafi in ya matsa, ba kullum ba. Ta riƙa zama tsakanin mai saye da mai saye. Ta ce duk wannan ba zai miƙar da ƙashin ba, ƙullutun yana nan, amma zafin kan ragu sosai, har mutum ya ci gaba da harkarsa. In an yi watanni bai ragu ba, yana hana tafiya, to sai a yi maganar aiki: a gyara ƙashin a daidaita shi, a yi makonni ba a taka ƙafar sosai.

Ina tsammanin kalmar aiki ce za ta firgita Yaya. Ashe ban san ta ba.

"Likita, wannan mai faɗin bakin, irin na Auta kike nufi?"

"Kusan haka."

"To a yi aikin kawai. Yaushe kike da fili?"

Matar da jiya take tsoron wuƙa! Likita ta ce ba a yin aikin don kwalliya, don zafi ake yi, kuma ko an yi, in ta koma wa ja mai tsini abin zai iya dawowa. Ko ta ina aka bi, faffaɗan takalmi yana jiran ta. A bas, da muka kusa sauka, sai Yaya ta taɓo ni.

"Akwai masu faɗin bakin a sito," ta ce tana kallon taga. "Can sama, layin ƙarshe. Duk shekara ana kawo su, ni nake cewa a kai su sama. Ba na son ganinsu a gaba."

Washegari muka je tun kafin a buɗe, da makullinta. Ta kunna fitilar siton. Ga sabuwar kujerar da aka saya mata a kusurwa, ko ledarta ba a cire ba. Ta ɗauke kai kamar ba ta gani ba. Ni na hau tsani, da girmana da komai, ina miƙo kwalaye tana buɗewa tana tsaki. Wannan kamar na mai gadi. Wannan kamar burodi. Wannan ko gawa aka sa wa sai ta tashi ta cire. A ƙarshe ta tsaya a kan wani ruwan ƙasa, fata mai laushi, da maɗauri a sama.

"Wace lamba?" na tambaya daga kan tsani, da gangan.

Ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, Yaya."

"Arba'in da ɗaya, mai faɗi. In kika gaya wa wani sai na yanke miki harshe."

Ta liƙa soson, ta sa robar tsakanin yatsu, ta zura ƙafa. Ba cokali, ba cije leɓe, ƙafar ta shige kamar gidanta. Ta miƙe. Ta taka ɗaya, ta tsaya tana jiran zafin da ta saba. Ta taka na biyu. Na ga fuskarta ta saki, wasu layuka da na ɗauka na tsufa ne suka ɓace. Ta je ƙarshen siton ta dawo, ta sake zuwa da sauri, ta juyo a kan dunduniya, sai ga Yaya tana rausaya tsakanin kwalaye, hannu a sama, mace mai shekara hamsin da takwas.

"Auta! Ashe haka kuke ji? Shekara nawa kina jin wannan daɗin ba ki gaya mini ba?"

Na kusa faɗowa daga tsani. Ni ce ban gaya mata ba!

Ba zan yi ƙarya in ce ta warke ba. Da yamma yana yi mata zugi, ta sa ƙanƙara, yanzu a falo, ƙafa a kan kujera, Direba na riƙe da tawul yana ta murna an ba shi aiki. Amma ɗingishin ya ragu ƙwarai a cikin kwana goma. 'Yan layi suka yi ta tsokana, mai gyaran agogo ya leƙo ya tambaya ko an yi wa Anti Lamba sata ne. Ta ce masa ya je ya ji da agogunansa da ba wanda ya yarda da ɗan'uwansa. Manaja dai kallo kawai yake yi, kuma kujerar tana nan a sito. Kwanaki suna ta tafiya. Kullum a bas sai ta ce, "Saura takwas." "Saura bakwai."

Ana saura kwana biyar wata mata ta shigo, da kayan aikin ofis, tana taku a hankali kamar mai tafiya a kan tsakuwa. Ta nuna wani baƙi mai tsini a gilashi ta ce a ba ta talatin da takwas. Aka kawo. Maimakon ta zauna a gaban Yaya, sai ta ɗauka ta koma can lungu ta juya baya. Yaya ta kalli gefen takalmin da matar ta shigo da shi, ta kalle ni. Ta jawo 'yar kujerarta ta bi ta har lungun.

"Ƙanwata, kawo in gani."

"A'a Anti, bar shi, zan gwada da kaina."

Yaya ta ajiye 'yar kujerarta. Ta zauna, ta kwance maɗaurin takalminta, ta cire, ta zare safa, ta ajiye ƙafarta tsirara a kan tayil, a tsakiyar shago, rana tsaka, ga Manaja a bakin ofis, ga ma'aikata, ga masu saye. Ƙafar da mijinta ya shekara uku bai gani ba.

"Naki ya kai wannan?"

Matar ta kalla, ta rufe baki da hannu. Sai ta yi wata 'yar dariya, idonta ya ciko. Ta zauna ta cire nata. Suka jera ƙafafu suna gwadawa kamar masu cinikin doya, wannan ta ce nata ya fi ja, waccan ta ce ai nata ya fi tsini. Yaya ta gaya mata duk abin da likita ta ce, ta ƙara da cewa ta je a duba ta, kada ta tsaya murza kwalba kamar wata sakarya da ta sani. Ta aika aka sauko da kwalaye daga layin ƙarshe. Matar ta fita da faffaɗan takalmi a ƙafa, tsohon a leda, tana taku kamar an sake ta daga ɗauri.

Washegari ta dawo da abokan aikinta biyu. Bayan su sai ga wata malamar makaranta, da wani tsoho mai aski wanda ya ce shekara goma yana tsaga gefen takalminsa da reza. Ban san yadda labari yake tafiya ba, amma duk wanda ya shigo sai ya rage murya ya ce, "Ina matar nan mai ƙafa?" Yaya ta cire safa a kwana huɗun nan fiye da yadda ta cire a shekara goma. Da kanta ta share wani ɓangare na gilashin gaba ta jera masu faɗin baki, ba ta nemi izinin kowa ba.

Ranar ƙarshen wata na zo da wuri. Aka rufe shago ƙarfe biyar, ma'aikata suka watse. Yaya ta tsaya tana goge kantar da ba ta da ƙura. Manaja ya fito daga ofis, ya gyara wani kwali, ya gyara madubi, ya dube ni kamar yana so in fita. Na gyara zama. Sai ya zo ya zauna a bencin masu saye, ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa na hagu, ya cire, ya zare safa.

Ga ƙullutu nan, ƙarami ne, bai kai nawa ba, amma ya yi ja.

"Anti," ya ce yana kallon ƙasa, "wata shida ke nan. Ko matata ban nuna wa ba."

Yaya ta ajiye tsumma. Ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta danna wurin da yatsa, ya zabura ya ce "wayyo". Ta yi masa faɗa sosai, irin wanda ake yi wa ɗan cikin gida, ta ce gobe ya je asibiti kafin ya zo aiki, kuma waɗannan masu bakin kifin kada ta sake ganinsu a ƙafarsa. Yana ta cewa to, Anti. Da ta gama ta sauke ƙafar, ta kalle shi ido cikin ido.

"Ni kuma goben ina zan zauna?"

"Inda kika saba mana, Anti. Kujerar ma a fito da ita nan gaba, ki riƙa hutawa in ba kowa."

Da muka fito bas ɗinmu tana tsaye a tasha, har kwandasta yana ɗaga mana hannu. Yaya ta ce a bar ta ta tafi, yau da ƙafa za mu je. Tasha shida ce tsakanin shagon da gida. Ta gaisa da mai gyaran agogo, ta gaisa da masu shara, ta tsaya ta gaya wa wani mai gadi cewa takalminsa ya yi masa kaɗan, ta wuce tana ta zuba, ina biye da ita da jakata. A tasha ta huɗu ni ce na dafa sandar fitila na ce don Allah, Yaya, ki tsaya in huta.